Dokta Barau Dikko: Ɗan Zazzau Da Ya Buɗe Wa Arewa Ƙofar Karatun Likita

A shekarar 2021 aka sauya wa Jami'ar Fasaha ta Modibbo Adama da ke Yola suna da tsari, ta zama cikakkiyar jami'a mai ikon koyar da kowane fanni, har da likitanci. Ba a jima ba kuma aka mayar da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke garin asibitin koyarwa na jami'ar. Yanzu yaron da aka haifa a Jimeta ko Ganye ko Mubi yana iya yin firamare da sakandare, ya shiga ajin likita, ya duba majinyacinsa na farko, duk bai ƙetare iyakar Jihar Adamawa ba.

Matasan yau ba za su ga abin mamaki a cikin wannan ba. Amma shekaru kamar casa'in da suka wuce, daga Sakkwato har Yola babu makaranta ko ɗaya da za ta ɗauki ɗan Arewa ta kai shi matakin likita. Wanda ya fara kaiwa can sai da ya bar gida yana yaro, ya zauna a Legas, sannan ya ƙetare teku zuwa Ingila. Shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya rasu a 1977. Mutane da yawa sun san sunansa a jikin allon wani babban asibiti a Kaduna. Waɗanda suka san hanyar da ya bi kafin sunan ya hau allon ba su da yawa.

Zariya a zamanin haihuwarsa

An haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau, cikin zuriyar Fulani, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. A lokacin ko shekara goma Turawa ba su cika ba da kammala cin manyan masarautun Arewa, kuma hanyar jirgin ƙasa ba ta daɗe da ratsa Zariya zuwa Kano ba.

Akwai masu magani a ƙasar, kuma kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya karye a kai shi wurin maɗori. Wanzami shi ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Mai naƙuda a kira mata ungozoma, mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma a nema masa rubutu wurin malam ko saiwa wurin mai maganin gargajiya. Waɗannan sana'o'i gadonsu ake yi, ɗa ya koya a gaban ubansa. Sai dai idan annoba ta sauka, kamar agana ko sanƙarau, takan share gari ba tare da wani ya iya tare ta ba.

Likitocin Turawa kuwa ƙalilan ne, kuma aikinsu na farko shi ne kula da lafiyar jami'an mulki da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa. Talaka na ƙauye yana iya rayuwa har ya mutu bai taɓa ganin likita da idonsa ba.

Ta fuskar karatun boko ma ƙofa a ƙuntace take. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, wannan ya sa aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin garuruwan Musulmi. A Kudu kuwa makarantun mishan su ne suka yaɗa boko. Gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909 ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, sannan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Kwalejin ta fitar da manyan mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, amma an tsara ta ne don samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Ba a shirya ɗalibanta don shiga jami'a ba.

Makarantar Likita Mila

Zariya ta fita daban da sauran manyan birane saboda mutum guda. Dokta Walter Miller, wanda Zagezagi ke kira Likita Mila, ɗan Ingila ne da ya yi karatun likita a Landan, ya kuma koyi Hausa a birnin Turabulus wurin fatake da mahajjata. Yana cikin ayarin 'yan mishan na CMS da suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Bayan zama a Girku, a 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. Shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932.

A wannan makaranta Barau Dikko ya fara karatu, ya kuma tashi Kirista a hannun Mila. Makarantar ƙarama ce, amma tana koyar da Turanci da lissafi da zurfin da yaro zai iya zama jarrabawa tare da yaran Legas ya ci. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga yaro mai lura shi ne, malamin nasa likita ne. Yana ganin yadda ake wanke gyambo, ana ba da magani da awo, mutum ya zo a kwance ya koma da ƙafarsa.

Daga Zariya ya wuce King's College ta Legas, makarantar sakandaren gwamnati da aka kafa a 1909, wadda a lokacin babu kamarta a ƙasar wajen koyar da kimiyya. Tafiyar kwana da kwanaki ce a jirgin ƙasa, a ƙetare Kwara a gadar Jebba, a sauka a garin da harshe da abinci da yanayi duk baƙi ne. 'Yan Arewa a makarantar ba su taka kara sun karya ba. A can ya sami takardar shaidar da jami'o'in Ingila ke nema.

Hanyoyi biyu na zama likita

Matashin Najeriya mai son aikin likita a shekarun 1930 yana da hanya biyu a gabansa, kuma bambancinsu ya shafi rayuwarsa baki ɗaya.

Ta farko ita ce makarantar likitanci ta Yaba a Legas, wadda gwamnati ta buɗe a 1930. Ɗalibanta kan sha karatu mai tsanani na shekaru, amma takardar da ake ba su ba ta aiki a wajen Najeriya, kuma da matsayin mataimakin likita suke fara aiki, a ƙarƙashin Bature, da albashi kaɗan. Wannan ya jawo wa makarantar suka daga 'yan bokon Legas tun daga farko.

Ta biyu ita ce jami'a a Birtaniya. Wanda ya gama a can sunansa na shiga rajistar likitocin Birtaniya, daidai da kowane Bature. 'Yan Kudu sun daɗe da sanin wannan hanya. Nathaniel King ya kammala a Edinburgh tun shekarun 1870, bayansa kuma aka sami irin su Obadiah Johnson da John Randle da Oguntola Sapara. Wato Kudu ta riga Arewa samun likita da fiye da shekara sittin. Tafiyar tana cin kuɗi mai yawa, kuma ba a ba 'yan Arewa gurbin karatu irin wannan a lokacin. Mila ne ya tsaya wa ɗalibinsa har ya sami shiga Jami'ar Birmingham.

Daga Legas ana shafe kusan mako biyu a jirgin ruwa kafin a isa Liverpool. Birmingham kuwa birnin masana'antu ne a tsakiyar Ingila, mai hayaƙi da sanyi. Makarantar likitancinta ta samo asali tun 1825, kafin a kafa jami'ar kanta a 1900.

Karatun yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida. Ana farawa da kimiyyar sinadarai da ta halittu. Daga nan sai ɗakin fiɗa, inda ɗalibi zai yi wata da watanni yana bin jikin ɗan Adam gaɓa gaɓa, ya san kowane ƙashi da jijiya da tsoka da sunansa da mazauninsa. Sai ilimin yadda zuciya da huhu da hanta da ƙoda ke aiki, da yadda cuta ke ɓata su, da magunguna da ƙa'idar ba da su. Wanda ya tsallake waɗannan jarrabawa shi ake bari ya shiga ɗakunan majinyata, ya bi bayan manyan likitoci, ya koyi tambayar mara lafiya da sauraren ƙirjinsa, ya taimaka a ɗakin tiyata, ya karɓi haihuwa da hannunsa. Duk wannan da Turanci, da kalmomin Latin da na Girka, kuma majinyatan da zai taɓa Turawa ne waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata sanye da rigar likita ba.

Shekarun da ya yi a can sun zo daidai da wani babban sauyi a aikin likita. Kafin tsakiyar shekarun 1930, idan ƙwayar cuta ta kama huhu ko jini ko rufin ƙwaƙwalwa, abin da likita ke iya yi bai wuce jinya da jira ba. A 1935 aka bayyana maganin farko na dangin salfa a Jamus. A 1938 kuma, a wani asibiti na birnin Birmingham ɗin, aka gwada ƙwayar M&B 693 a kan masu ciwon huhu, aka ga mace-mace sun ragu ƙwarai. Ba a daɗe ba aka gane tana maganin sanƙarau, cutar da ke yi wa ƙasashen bakin Sahara ɓarna duk lokacin zafi. Tsofaffin Arewa har yau suna tuna ƙwayar da sunan emanbi. Barau Dikko ya fito daga makaranta ne a daidai lokacin da likita ya fara samun makamin da zai tunkari annoba da shi.

Komowa gida

Ya kammala karatunsa a ƙarshen shekarun 1930, ya zama ɗan Arewa na farko da ya sami cikakkiyar shaidar likita. A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita. Yaƙin Duniya na Biyu na ci a lokacin, an kwashe likitocin Turawa da dama zuwa aikin soja, magunguna sun yi ƙaranci, jiragen ruwa na fuskantar hari a teku.

Aikin da ya shiga ba a gina shi don irinsa ba. Tun 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka kuma keɓe shi ga Turawa zalla. Likita ɗan ƙasa, ko da jami'a ɗaya suka yi da Bature, a wani jeri daban ake sa shi, albashinsa bai kai na Baturen ba, ƙarin girmansa kuma yana tafiyar hawainiya. Asibitoci ma kashi biyu ne, na Turawa da na 'yan ƙasa. An sassauta waɗannan dokoki a hankali, musamman bayan yaƙi, amma al'adar ta daɗe ba ta gushe ba.

Duk da haka yana da abin da babu Baturen da ke da shi. Likita Bature sai da tafinta yake jin kukan majinyaci, kuma abin da ke zubewa tsakanin bakin mara lafiya da kunnen likita yana da yawa. Mace mai kunya ba za ta faɗi ciwonta a gaban tafinta namiji ba. Dattijo ya ce yana fama da shawara ko sanyi ko zahi, tafinta ya fassara yadda ya ga dama. Barau Dikko ya san abin da Bahaushe ke nufi da waɗannan kalmomi, ya san abin da ake ɓoyewa da dalilin ɓoyewar, ya kuma san cewa yawancin masu zuwa asibiti sai da suka gama zagaya masu magani na gida. A zamanin da mutane ke gudun asibiti suna cewa wurin yanka ne, ganin ɗan gida a kujerar likita ya rage wa da yawa tsoro.

Yadda ya kasance shi kaɗai tsawon shekaru abin dubawa ne. Masanin siyasa ɗan Amurka James Coleman, a littafinsa kan tarihin kishin ƙasa a Najeriya da aka buga a 1958, ya lura cewa har zuwa 1951, a cikin mutanen Arewa kimanin miliyan 16, mutum ɗaya tak ke da cikakken digirin jami'a. Wannan mutum shi ne Dokta Dikko.

Likita a fagen jama'a

Wanda ke duba marasa lafiya kullum ba ya daɗewa bai gane cewa yawancin cututtukan da ke gabansa daga rijiya da kasuwa da gona suke fitowa ba. Kurkunu da tsargiya ruwa ne ke kawo su. Yaron da ƙyanda ta kashe sau da yawa yunwa ce ta fara raunana shi. Ba a magance irin waɗannan da allura kaɗai, sai an sami makaranta da ruwa mai tsabta da hukuma mai jin kukan talaka.

Bayan yaƙi, 'yan bokon Arewa sun fara taruwa suna tattauna makomar yankinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta buɗe musu fili. Tsarin mulkin Richards ya haɗa wakilan Arewa da na Kudu a majalisa ɗaya, aka ga irin ratar da ke tsakani a ilimi da aikin gwamnati. A 1948 ƙungiyoyi biyu suka taso kusan lokaci guda, ɗaya a Kaduna ƙarƙashin Malam D. A. Rafih, ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗaya kuma a Zariya inda Dokta Dikko da Abubakar Imam ke kan gaba. Suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa.

A babban taron farko da aka yi a Kaduna a watan Yunin 1949, aka zaɓi Dokta Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule da Isa Wali. Kusan dukkansu Musulmi ne, wasunsu ma malaman addini ne masu zurfin karatu, amma suka ɗora Kirista a kan kujerar shugabanci, domin sun ga iliminsa da natsuwarsa, kuma ba su ɗauke shi bare ba. Ƙungiyar ta ce ba ta zo don ƙwace ikon sarakuna ba, ta zo ne don yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci.

Riƙe irin wannan taro ba ƙaramin aiki ba ne. Sarakuna da Razdan-Razdan suna kallon ƙungiyar da zargi, matasan Kano kuwa suna ganin tana jan ƙafa. A ranar 8 ga Agustan 1950 masu ra'ayin sauyi suka kafa NEPU a Kano, kuma bayan taron Jos na Disambar shekarar hanya ta rabu. Da zaɓen tsarin mulkin Macpherson ya ƙarato, a watan Oktoban 1951 aka ayyana ƙungiyar a matsayin jam'iyyar siyasa, wato NPC. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga jam'iyya, don haka dole Dokta Dikko ya zaɓi ɗaya.

Da ya ajiye aiki ya bi siyasa, da wuya a kafa gwamnatin Arewa ba tare da shi a sahun gaba ba. Sai ya sauka daga shugabancin ya ci gaba da aikin asibiti. Jam'iyyar da ya reno ta koma hannun Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya zama shugabanta a 1954, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ce kuma ta jagoranci gwamnatin tarayya lokacin samun 'yancin kai a 1960.

Yaƙi da cututtukan da suka zaunu

A 1953 aka ɗaga shi zuwa babban likita. A 1957 kuma ya zama babban jami'in sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Wannan aiki ya bambanta da zaman jiran majinyaci a asibiti. Aiki ne na bin ƙauyuka, a tara jama'a a ƙofar dagaci, a duba kowa, a rubuta, a ba da magani, a dawo bayan wata a sake dubawa.

Abokan gabar sanannu ne. Akwai ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, wanda ya yi wa ƙasar Zazzau ɓarnar da ta sa tun ƙarshen shekarun 1930 aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau, aka sare dazuzzukan bakin rafi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Akwai kuturta, wadda maganinta ya sauya baki ɗaya da aka fara amfani da ƙwayar dafson a ƙarshen shekarun 1940, har ya zama ana iya ba kuturu magani yana zaune a gidansa maimakon a killace shi. Akwai makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa, wadda ta addabi mutanen kwarin Hawul. Akwai kuma sanƙarau da agana da tarin fuka.

A ƙasar Adamawa, kamar sauran yankunan da ke nesa da Kaduna, 'yan mishan ne suka ɗauki babban kaso na wannan nauyi. Likita ɗan Denmark, Niels Brønnum, ya sauka a Numan a 1913. A Garkida kuma mishan da aka kafa a 1923 ya gina asibiti da mazaunin kutare da ya yi suna a duk faɗin Arewa. Aikin ma'aikatar lafiya a shekarun 1950 shi ne ta haɗa ƙoƙarin mishan da na En'e da na gwamnati, ta horar da malaman asibiti da duba-gari 'yan ƙasa da za su riƙe aikin idan Turawa sun tafi. A wannan lokaci ne aka buɗe makarantar horar da mataimakan likitoci a Kano. Irin wannan tsari na bin gari gari shi aka gina a kai lokacin gangamin rigakafin agana da aka fara a 1967, wanda ya kawo ƙarshen cutar a Najeriya a 1970.

Kiran gwamnatin tarayya

A watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, a watan Yuni kuma ya gayyato fararen hula cikin majalisar zartarwa ta tarayya. Cikinsu akwai Cif Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro da Malam Aminu Kano da Joseph Tarka da Shettima Ali Monguno. Aka naɗa Dokta Dikko Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki, muƙamin da yake daidai da minista a yau. Shi ma Gowon a Wusasa ya tashi, ya kuma san dattijon tun yana yaro.

Makonni kaɗan bayan naɗin aka fara yaƙin basasa, wanda ya ci har Janairun 1970. Ma'aikatar da aka ba shi ita ke kula da harkar man fetur, kuma rijiyoyin man na cikin abubuwan da ake gwabzawa a kansu. A shekarun da yake riƙe da ita aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma yi dokar man fetur ta 1969 wadda ta tabbatar da mallakar dukkan man da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu a 1977, yana da shekara kusan 65.

Abin da ya biyo bayansa

Kafin rasuwarsa ya ga hanyar da ya bi shi kaɗai ta zama turba. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, asibitin koyarwarta kuma a 1957. Dokta Ishaya Audu, wanda shi ma ya bi ta makarantar Wusasa, ya zama likitan yara, sannan ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A zamaninsa ne, a 1967, jami'ar ta buɗe tsangayar likitanci a Zariya, garin da Barau Dikko ya bari don neman wannan ilimi. Daga Adamawa, Jibril Aminu ɗan garin Song ya kammala likitanci a Ibadan a 1965, ya ƙware a ciwon zuciya, ya kuma shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, jami'ar da ta horar da likitoci masu yawa na Arewa maso Gabas.

A Kaduna akwai asibitin da tsofaffin gari ke kira Nasin Hom, wanda aka gina a zamanin mulkin mallaka don jinyar Turawa da manyan ma'aikata. Shi ne aka sa wa sunan Barau Dikko, kuma a yau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Wurin da a da ba a yi shi don ɗan ƙasa ba, yanzu 'ya'yan talakawa ke koyon aikin likita a cikinsa.

Matsalar yau ta sauya kama. Makarantu sun yawaita, a Zariya da Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri da Gombe da Bauchi, ga Yola ta shigo sahu. Ɗalibi yana yin shekara shida, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi hidimar ƙasa. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka gama suna neman hanyar Ingila ko Saudiyya ko Kanada, saboda ƙarancin albashi da kayan aiki da kuma rashin tsaro. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane. Duk wanda ya ga layin majinyata da safe a Asibitin Ƙwararru na Jimeta, cikinsu har da waɗanda suka kwana a hanya daga ƙauyuka masu nisa, ya san cewa ƙananan hukumomi da yawa har yanzu suna jiran likitansu.

Barau Dikko yana da takardar da za ta ba shi damar yin aiki a Ingila, ya dawo ya karɓi matsayin da bai kai na abokan karatunsa Turawa ba. An ba shi shugabancin ƙungiyar da ta zama jam'iyya mafi ƙarfi a ƙasar, ya ajiye ya koma asibiti. Hukumomin da ke son ɗaliban Yola da sauran garuruwa su yi koyi da shi suna da nasu aikin a gaba, wato biyan albashi a kan lokaci, samar da wuta da ruwa da magani a asibitin karkara, da gidan da likita zai kwana hankalinsa kwance. Rukunin farko na likitocin da Yola ta horar da kanta su ne za su nuna ko an yi wannan aiki, idan aka duba inda suke bayan shekara goma da kammala karatunsu.